Koyar Da Amfani Da Ƙamus A Ƙananan Makarantun Sakandare Na Ƙasar Funtuwa Da Malumfashi

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar noma ce tun kaka da kakanni. Daga Ɗandume zuwa Bakori, daga Ɗanja zuwa Ƙafur da Ƙanƙara, da wuya a sami gidan da bai dogara da gona ba, ko ta masara da dawa, ko ta auduga da waken suya, ko kuwa fadamar rake da tumatir. Albarkar wannan ƙasa ce ta sa hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa ta Funtuwa kafin ta isa Ƙauran Namoda a 1929, ita ce kuma ta sa aka zaɓi Funtuwa, tare da Gusau da Gombe, don soma babban shirin raya aikin gona da taimakon Bankin Duniya a 1975.

Tun daga wancan lokaci noma ya shiga wani sabon hali. Takin zamani da ingantaccen iri da magungunan feshi sun zama kayan aikin manomi kamar yadda garma da fartanya suke. Sai dai su waɗannan kaya suna zuwa ne da rubutu a jikinsu, kuma galibin rubutun da Turanci yake. A gidaje da yawa, in maigida ya sayo kwalbar maganin ciyawa daga kasuwa, yaron da ke ƙaramar sakandare shi ake kira ya karanta abin da aka rubuta. Idan yaron ya ci karo da kalmar da bai sani ba, ɗayan biyu ne: ko ya duba ƙamus, ko ya yi kirdado. Kirdado kuwa a kan magani yana iya jawo asarar gona sukutum, wani lokaci ma har da lafiyar mai feshin.

Alal misali, akwai maganin ciyawa da ake fesawa bayan shuka kafin tsiro ya fito, akwai kuma wanda ake fesawa bayan ya fito. A Turance bambancinsu bai wuce 'yan haruffan da ke farkon kalma ba, watau "pre" da "post". Har wa yau takardar jikin kwalba takan faɗi yawan maganin da za a zuba a kowace lita ta ruwa, da yawan kwanakin da za a jira kafin a ɗebi tumatir ko wake a kai kasuwa. Duk ɗalibin da aka koya wa duba ƙamus zai iya warware waɗannan cikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa darasin ƙamus ya wuce maganar cin jarrabawa.

ASALIN ƘAMUS A ƘASAR HAUSA

Ita kanta kalmar ƙamus daga Larabci Hausa ta aro ta. Wani shahararren malami mai suna Fairuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, ya tattara kalmomin Larabci a wani babban littafi da ya sa wa suna Alƙamusul Muhiɗ, watau teku mai kewayewa. Saboda shaharar littafin sai sunansa ya bi duk wani littafi mai irin wannan aiki. Malaman zaure na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan littafi, kuma fannin lugga yana cikin fannonin da ake girmama wanda ya ƙware a kansu.

Ta fuskar boko kuwa, Turawan mishan ne suka fara. J. F. Schön ya buga ƙamusunsa na Hausa a 1876, C. H. Robinson ya biyo baya a 1899. Amma babban aikin da har gobe ake komawa gare shi shi ne na G. P. Bargery, wanda ya fito a 1934 bayan an shafe fiye da shekara goma ana tattara kalmomi daga bakin jama'a a garuruwan ƙasar Hausa. Yana ɗauke da kalmomi wajen 39,000, cikinsu har da na Katsinanci da Sakkwatanci da sauran kare-karen harshe. Na R. C. Abraham ya fito a 1949, aka sake buga shi a 1962. A 1965 aka buga Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner a Zariya, wanda ya yi wa 'yan makaranta da ma'aikata amfani ƙwarai. A 1977 Paul Newman da Roxana Ma Newman, tare da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano, suka fitar da Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci. Daga bisani, a 2006, wannan cibiya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda yake bayyana kalmar Hausa da Hausa.

Ta ɓangaren Turanci kuwa, tsofaffin ɗalibai ba za su manta da ƙaramin ƙamusun Michael West ba, wanda aka fara bugawa a 1935 musamman domin masu koyon Turanci, da kuma na A. S. Hornby da kamfanin Oxford ya fitar a 1948, wanda ake ta sabunta shi har yanzu. Ke nan littattafan suna nan. Abin da ya rage shi ne a kai su hannun yara, a kuma nuna musu yadda ake shiga a fita a cikinsu.

ME YA SA SAI A ƘARAMAR SAKANDARE?

Tsarin ilmi na ƙasa da aka fitar a 1977, aka kuma soma aiki da shi daga 1982, ya raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, kowace shekara uku. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 kuma ta haɗa shekara shida na firamare da ukun ƙaramar sakandare ta mai da su ilmin tushe wanda ya wajaba a ba kowane yaro kyauta. Ƙaramar sakandare ita ce ta yi kusa da abin da mutanen da suke kira midil.

A wannan mataki ne yaro yake fita daga hannun malami guda ya shiga hannun malamai da yawa, kowanne da fanninsa, kowane fanni kuma da nasa kalmomin. Kimiyya da lissafi da aikin gona da sauransu duk da Turanci aka rubuta littattafansu, alhali kuwa yaron ƙauye da Hausa yake kwana yake tashi. Malami ba zai iya tsayawa ya fassara kowace kalma ba, kuma ba ya bin yaro gida. Bugu da ƙari, ɗalibai da dama daga nan suke tsayawa da karatu su koma gona ko kasuwa ko ɗakin aure. Wanda bai koyi nemo wa kansa bayani ba kafin ya gama aji uku, da wuya ya sake samun mai koya masa.

Abubuwan da suka faru a 2020 sun ƙara fito da wannan a fili. Annobar korona ta sa an rufe makarantu na watanni da dama, sa'an nan a watan Disamba na wannan shekara aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantu na wani lokaci. A irin wannan hali, yaron da ya iya zama da littafi da ƙamus shi kaɗai yana da abin riƙewa, wanda kuwa ya saba sai an ɗura masa a baki sai ya zauna jiran ranar da za a buɗe.

MATAKAN KOYARWA

Mataki na farko shi ne jerin haruffa. Yara da yawa sun iya rera abacada tun daga firamare, amma in aka tambaye su wane harafi ne ke gaban "m", sai sun koma farko sun biyo. Magani shi ne yawan gwaji. Malami na iya rubuta sunayen amfanin gona a allo, kamar masara, maiwa, gero, gyaɗa, gujiya, dawa, dankali, rake, rogo da riɗi, ya ce a jera su. A nan ne yara za su gane cewa in kalmomi biyu sun fara da harafi ɗaya sai a dubi na biyu, in shi ma ya zo ɗaya a dubi na uku, kamar yadda maiwa take rigan masara, dankali kuma yake rigan dawa. Sunayen 'yan aji da na garuruwan da ke kewaye su ma kayan gwaji ne da ba sa bukatar ko kwabo.

A ƙamusun Hausa akwai wani abin lura. Haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, haruffa ne masu zaman kansu, domin kafa daban take da ƙafa, bari kuma daban yake da ɓari. Wasu ƙamusoshi sun ware wa waɗannan haruffa wurinsu, har ma da "sh" da "ts", wasu kuwa sun gwama su da 'yan'uwansu. Saboda haka ya kamata a saba wa yara da karanta shafukan gabatarwa, inda mai littafi yake bayyana tsarin da ya bi. Mutane da yawa sukan tsallake waɗannan shafuka, daga baya su ce kalma ba ta cikin littafin, alhali kuwa tana nan a wani wuri.

Mataki na biyu shi ne sanin kalmomin jagora, watau waɗanda ake bugawa a saman kowane shafi don nuna inda shafin ya fara da inda ya ƙare. Ɗalibin da ya san aikinsu ba zai riƙa bin shafi layi-layi da yatsa ba. Gasa tana da amfani a nan: malami ya faɗi kalma, rukunin da ya riga samo ta ya faɗi lambar shafi. Minti goma na irin wannan sau biyu a mako sun isa su nuna bambanci kafin ƙarshen zango.

Mataki na uku shi ne mai da kalma tushenta. Wanda ya nemi "gonaki" zai tarar an tura shi ga "gona". Haka "awaki" take komawa ga "akuya", "tumaki" ga "tunkiya", "itatuwa" ga "itace". A Turanci ma "bought" tana komawa ga "buy", "leaves" kuma ga "leaf" ko "leave" gwargwadon jimlar da ta fito a ciki. Yaran da ke zuwa Islamiyya suna da abin kwatance a nan, domin ƙamusoshin Larabci da yawa a kan tushen kalma aka jera su, ta yadda mai neman "maktabu" ko "kitabu" sai ya koma ga "kataba". Malamin da ya haɗa wa yara waɗannan harsuna uku ya sauƙaƙa musu hanya.

Mataki na huɗu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne zaɓen ma'anar da ta dace. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya ɗauki ma'ana ta farko ya rufe littafi. Kalmar "gin" a Turanci tana nufin wata irin barasa, tana kuma nufin injin gurzar auduga, irin wanda mutanen Funtuwa da Malumfashi suka daɗe da sani. Kalmar "ear" tana nufin kunne, tana kuma nufin kan hatsi ko goyon masara. "Plant" tana nufin tsiro, tana nufin shukawa, tana kuma nufin masana'anta. Hanya mafi sauƙi ta ganar da yara wannan ita ce a faro da harshensu. Kunya tana nufin nauyin ido, tana kuma nufin tudun da ake huɗawa a gona. Dawa hatsi ce, dawa kuma daji ne. Gari wurin zaman jama'a ne, gari kuma abin tuƙa tuwo ne. Fari launi ne, fari kuma rashin ruwan sama ne. Kowane yaro ya san cewa jimla ce take nuna wanda ake nufi, ko da yake a rubuce duk ɗaya suke. Abin da za a koya masa shi ne ya karanta ma'anonin duka, ya gwada kowace a cikin jimlar da ke gabansa, sa'an nan ya zaɓa.

Mataki na biyar shi ne fahimtar alamomi da gajerun haruffan da ke bin bayan kalma, waɗanda ke nuna ko suna ce ko aikatau ko sifa, da jinsinta da jam'inta, da yadda ake furta ta. Manyan ƙamusoshin Hausa suna sa alamun karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ba a sa su a rubutun yau da kullum, kuma su ne suke raba kalmomin da aka ambata a sama. Na Turanci kuma suna nuna gaɓar da ake ƙarfafawa a kalma. Ba lallai ne a ɗora wa 'yan aji ɗaya duk wannan ba, amma kafin su gama aji uku ya kamata su san inda mabuɗin alamomin yake.

SAURAN LITTATTAFAN NEMAN BAYANI

Ƙamus ƙofa ce ta farko, akwai wasu a bayanta. Kowane littafin karatu yana da jerin abubuwan da ke ciki a farkonsa, da yawa kuma suna da fihirisa a ƙarshe. Ɗalibin da aka ce ya nemo bayani a kan zaizayar ƙasa bai kamata ya riƙa buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya ba, sai ya tafi fihirisa ya ga lambar shafi.

Littafin taswira shi ma yana da nasa fihirisar. Darasi mai daɗi shi ne a sa yara su nemo garinsu. Za su tarar Funtuwa da Malumfashi duka suna tsakanin digiri 11 da 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma tsakanin digiri 7 da 8 ta gabas. Daga nan sai su dubi taswirar ruwan sama, su ga dalilin da ya sa masara da auduga suke yi a kudancin jihar, gero kuwa ya fi yawa can wajen Daura da Jibiya.

Jadawali ma abin koyarwa ne. Kadada ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, watau wajen eka biyu da rabi. Lambobin 15:15:15 da ke jikin buhun taki suna nuna kashi nawa cikin ɗari na kowane sinadari uku ne a ciki, takin yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari na sinadarin naitirojin yake ɗauke da shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwararta ta wayar da kan manoma, duka a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sun daɗe suna fitar da ƙasidu a kan irin waɗannan abubuwa, wasu ma da Hausa. Malamin aikin gona da ya kawo buhun taki da ya ƙare, ko irin waɗannan ƙasidu, ya sa yara su karanta da ƙamus a gefe, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Inda makaranta take da ɗakin karatu, a nuna wa yara yadda aka jera littattafai. Tsarin Dewey, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1876, ya ba harsuna lamba 400, kimiyya 500, aikin gona 630, tarihi da labarin ƙasa kuma 900.

Wayar hannu ta shigo da nata sauƙin. Ƙamusun Bargery yana nan a intanet, akwai kuma kundin sani na Wikipedia da Hausa. Amma waya ba ta ɗauke wa ɗalibi aikin zaɓen ma'ana ba, ƙara masa ma ta yi, domin takan kawo amsoshi barkatai, na gaskiya da na ƙarya a haɗe. Tambayoyi uku ya kamata su zauna a kan kowane ɗalibi, a littafi ne ko a waya: wa ya rubuta wannan, yaushe aka rubuta shi, kuma akwai wani wuri na biyu da ya faɗi haka?

ƘARANCIN LITTATTAFAI

Za a ce ina littattafan suke, tun da ajujuwa cike suke, kuɗin littafi kuma ya yi tsada? Gaskiya ne, amma rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ajin da ke da yara 60, ƙamus 10 sun ishe shi in aka raba yaran shida-shida, kuma waɗannan goman za su iya zagaya ajujuwa da dama a cikin mako in aka tsara lokaci. Abin da ya fi rashin littafi muni shi ne a kulle 'yan waɗanda ake da su a kabad na ofishin shugaban makaranta don tsoron kada su yage, har gara ta riga yara karanta su.

Akwai kuma aikin da ba ya bukatar sayen kome, watau a sa yara su rubuta ƙaramin ƙamus na kansu. Kowane yaro ya tambayi iyayensa da kakanninsa kalmomin noma, irin su sassabe, huɗa, binne, maimai, girbi, sussuka, shiƙa, dami, rumbu, magirbi, lauje da gayya. A aji sai a jera su bisa haruffa, a rubuta ma'anar kowace da jinsinta da jam'inta, a kuma sa ta cikin jimla. Wanda ya sha wahalar bayyana ma'anar "binne" da kansa ya fahimci yadda ƙamus yake aiki fiye da wanda aka yi wa dogon bayani. Ban da haka, yara za su ga cewa abin da iyayensu suka sani shi ma ilmi ne da ya cancanci a rubuta, kuma ta wannan hanya ce Bargery da malaman da suka taimaka masa suka tara abin da suka tara.

NAUYIN DA KE KAN KOWA

Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Katsina da hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha su ne ke da ikon sa ƙamus na Turanci da na Hausa da littafin taswira cikin kayan da ake raba wa makarantu, su kuma umurci jami'ansu masu duba makarantu su riƙa tambaya ko ana aiki da su. Kwalejojin horon malamai, irin su Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da ta tarayya da ke Katsina, ya kamata su tabbata duk malamin da suka yaye ya iya koyar da wannan, ko da kuwa fanninsa lissafi ne, domin aikin ya fi ƙarfin malamin Turanci shi kaɗai.

Ƙungiyoyin iyaye da malamai, da na tsofaffin ɗalibai, da attajiran da ke hada-hadar hatsi a kasuwannin Ɗandume da Funtuwa da Bakori, su ma suna da rawar takawa. Wanda ya saya wa makarantar ƙauyensu ƙamus goma ya bar abin da yara za su yi shekaru suna amfana da shi. Ma'aikatan gwamnati da ɗaliban manyan makarantu da ke komawa gida hutu kuwa, zama na rabin awa da ƙane ko ƙanwa a kan ƙamus ba zai rage su da kome ba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Yaron da aka koya wa tambayar littafi ya sami malamin da zai bi shi gona da kasuwa da ofis har iyakar rayuwarsa. Allah ya sa waɗanda abin ya shafa su duba.